Rakiya a cikin dawa

Autanmu ya dawo gida da rani, lokacin da gonaki suke fayau, idan ka tsaya a bayan gidanmu kana hango masu tafiya a kan hanyar Minjibir kamar ka kira su su amsa. Ya daɗe a aikin soja, direban motar sulke ne, wadda mutanen garinmu ke cewa tanka. An sallame shi ne saboda kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma sai an ɗaga murya, ga kuma ciwon baya. Ban da wannan, ras yake. Ya zo da matarsa da 'yarsu ƙarama, Baba ya sa aka gyara musu ɗakin da ke kusa da rumbuna, ya kuma ba shi gonar da ke can ƙarshen hanya, wadda muke cewa ta gindin ɗorawa.

Ni ce babba a ɗakinmu, ni na goya shi. A lokacin ina gida, mijina ya rasu, ina koyarwa a firamaren garinmu. Kowa ya san zuciyata a kusa take kuma bakina ba ya jiran a ba shi izini. Saboda haka duk abin da ya shafi Auta, ko an sa da ni ko ba a sa ba, ina ciki.

Da farko babu abin da za ka ce. Ya kai taki da amalanke, ruwa ya sauka ya yi shuka, ya yi noman farko, ya yi maimai. Baba har ya fara yi wa mutane fahariya a fakaice, wai ashe bariki ba ta cinye masa hannu ba. Da yamma kuma sai ya zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, shi da maƙwabcinmu Baba Saje, su yi ta yi.

Baba Saje tsohon sojan ƙafa ne, sa'an Baba, ya bar aiki tun ina budurwa, yana zaune yana kiwon awakinsa. Tun ranar da ya ji irin aikin da Auta ya yi ya samu abin yi. Da ya hango shi zai fara.

"Barka da hutawa, masu yaƙi a zaune. Mu muna taka ƙaya, ku an saka ku a tukunya an rufe da murfi."

Auta zai karkato kunnen dama, ya yi dariya. "Baba Saje, to idan aka fara ruwan harsashi, su wa ke laɓewa a bayan tukunyar? Su wa ke rataye jakunkunansu a jikinta? Su wa ke buga mana ƙarfe suna roƙon ruwa?"

"Ruwan ma ai ɗumi ne, yana warin mai."

"Amma kuna sha."

Ni da nake jin su daga zaure, na ɗauka da gaske raini ne a tsakanin masu ƙafa da masu mota. Sai daga baya na gane wasa ne irin na taubasai, wanda idan ka ga an daina shi to akwai matsala.

Matsalar ta zo ne da tsayin dawa. Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi zaton akwai fili. Babu. Gona ce manne da gona tun daga bayan katanga har inda ido ya tsaya, kowane taku da mai shi, kuma babu mai bar wa hanya ko da faɗin tafin hannu fiye da yadda kakansa ya bari. Hanyar gona a wurinmu ta mutum ɗaya ce. Da rani ba ka lura da ƙuncinta. Amma idan dawa ta haura kan mutum ta zama lungu, ganye na shafar kafaɗarka hagu da dama, ba ka ganin komai sai bayan wanda ke gabanka.

Wata safiya Auta ya ɗauki fartanya ya fita, kafin in gama shirin makaranta sai ga shi ya dawo, riga sharkaf da gumi, ya zauna a zaure. Ya ce baya ne. Kashegari ma haka. Sai wata mai tallan ƙuli ta shigo ta ce wa Inna ta gan shi a bakin hanyar gona a tsugune, ya riƙe kai da hannu biyu, ta yi masa sallama bai ko ɗago ba. Daga nan bai ƙara nufar wurin ba. Masallaci yana zuwa, kasuwa ta babbar hanya yana zuwa, amma da an ce gona sai ka ga fuskarsa ta canza. Da ya lura an fara kallonsa, masallacin ma sai ya dinga jira a tayar da salla sannan ya shiga sahun baya.

Kowa ya kawo nasa. Baba malami ne, rabin magidantan garinmu a zaurensa suka yi allo, sai ya tashi tsaye da addu'a da rubutu. Inna ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da ɗorawar nan ba. Ni kuma na tasa shi a gaba muka shiga mota zuwa asibiti a birni. Likitan ya saurare shi da kyau, ya ce ba shi kaɗai ba ne, da yawa waɗanda suka ga yaƙi suna dawowa da irin wannan, ya ba shi magani ya ce a yi haƙuri abin yana ɗaukar lokaci. Maganin ya yi amfani, barcinsa ya daidaita, ya koma cin abinci. Hanyar gona dai ta gagara.

Baba ya kafa doka cewa maganar ba za ta fita ba. Duk wanda ya tambaya a ce ciwon baya ne. Kuma saboda tausayi sai aka dinga lallaɓa shi ya gwada zuwa da rana tsaka, lokacin da babu kowa a hanya, don kada a ga halin da yake shiga. Ya gwada, ya dawo bai ko shiga lungun ba. Baba ya ce to shi zai raka shi. Suka tafi yadda aka saba, babba a gaba, ƙarami a baya. Baba kuwa duk da shekarunsa akwai sauri, da ya sha kwana ganye ya rufe shi, Auta ya tsaya cak ya kasa gaba ya kasa baya. Aka ce to a bi shi a baya. Wannan ya fi muni, don duk taku biyu sai ya waiwaya, har ya harɗe ya faɗi a kan kunya.

Ana cikin haka gero ya nuna a gonarsa, tsuntsaye suka samu gidan biki. Sai ga Baffa, ƙanen Baba, daga birni. Alhaji ne, ɗan kasuwa, mutumin kirki, amma irin mutanen da idan suka ga matsala sai sun kai ta wani wuri an ajiye musu. Ya ce akwai wani mai magani a wani gari mai nisa da ke riƙe irin waɗannan a gidansa na wasu watanni, ba a zuwa dubiya sai ya aiko. Ya ce da ya sallami wasu kaya a kasuwa zai zo da mota, kafin a fara cirar gyaɗa.

Na san irin gidajen. Na kuma san garinmu. Duk wanda aka saka a mota aka kai irin wurin, ko ya dawo garau, sunan ya bi shi ke nan, ya bi matarsa, ya bi 'yarsa har ɗakin mijinta. Na ce wa Baffa ƙanena ba mahaukaci ba ne, kuma babu mai fitar da shi daga gidan nan. Baba ya daka mini tsawa ya ce da ubana nake magana. Na jira in ji ya ce wa Baffa a'a. Bai ce a'a ba, bai ce e ba, kuma a gidanmu wannan yana nufin ya yarda. Ranar na tsani kowa, har da awakin da ke kuka a waje.

Awakin ne ma suka kai ni wurin Baba Saje. Na fito na tarar da shi yana zuba musu harawa, yana ɗaga murya ta saman katanga wai ina mai tukunya, ko an manta ba a buɗe murfin ba. Raina ya ɓaci. Na ce masa don Allah ya rage wannan tsokanar, yaron nan ba shi da lafiya, kuma ba bayan ba ne. Na zayyane masa komai. Dokar Baba ta karye a bakina, kuma har yau ban ga abin nadama a ciki ba.

Ya ajiye harawar. "Malama, yaushe abin ya fara?"

Na ce tun da dawa ta tashi.

"A ina yake tsayawa?"

Na ce a bakin lungu, inda ganye ya rufe.

"Kuma kuka tura shi shi kaɗai?"

Na ce don kada a gan shi.

Ya girgiza kai. "Yo ai ƙarfe ba ya shiga duhuwa shi kaɗai. Ke kin ga motar nan ƙatuwa kin ɗauka jaruma ce. Makauniya ce. Wanda ke ciki ta wata 'yar taga yake leƙe, yana ganin can nesa, amma abin da ke gindinsa ba ya gani, ƙarar inji kuma ba ta barin ya ji. A fili shi ne sarki, mu ke bin bayansa muna fakewa. Amma da an zo ciyawa mai tsayi ko lungun gari, ko yaro ya laɓe zai iya yi masa illa. Sai mu masu ƙafa mu shiga hagu da dama, mu ɗan wuce shi kaɗan inda zai dinga ganinmu. Muddin yana ganinmu zai tafi. Shekara da shekaru ana koya wa jikinsa haka, ku kuma kun ce ya shiga ba kowa."

Bai jira na ce komai ba ya kakkaɓe hannu ya shiga gidanmu. Ya samu Auta a ƙofar ɗakinsa, ya zauna ta ɓangaren kunnen da ke ji. Na kawo musu ruwa, na kuma ƙi tafiya, na tsaya ina gyara igiyar shanya da babu abin da ya same ta.

 Can Baba Saje ya ce, "Gonar dawa ce?"

Auta ya ce, "Gonar dawa ce."

Ya ba da labarin da murya mai ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, ko da yake na san so yake ya yi ƙasa da ita. A can gabas ne, an ce su ratsa wata gona su fita wancan gefen. Akwai masu ƙafa da ke tafiya a hagunsa, waɗanda suka daɗe tare. Ɗaya daga ciki kullum da safe sai ya buga masa ƙarfe da gindin bindiga ya ce a tashi a ba talakawa ruwa. Suka shiga. Ganye ya rufe tagar, yana ganinsu yana rasa su, sai kuma ya daina ganinsu gaba ɗaya. Umarni aka ba shi kada ya tsaya, bai tsaya ba. Da ya fita fili ya buɗe murfi ya leƙa, hagunsa babu kowa.

"Ban ji komai ba, Baba Saje. Wallahi ban ji komai ba. Tafiya kawai nake."

Na saki igiyar na juya musu baya, don hawaye ya riga ya zubo. Yaron da na goya yana ɗauke da wannan tun rani, yana dariya a ƙofar gida, mu muna murna wai ya iya noma.

Baba Saje ya ce, "Ni na taɓa kwanciya a ƙasa da ramin harsashi a cinya ina kallon irin motarka tana tafiya ta bar ni. Babu zagin da ban yi mata ba. Amma hanyar da ta buɗe ta nan aka biyo aka ɗauke ni. Babu sojan ƙafar da bai san ba kwa gani ba. Da saninmu muke shiga gefenku." Ya sha ruwa, ya ajiye kofin. "Gobe za mu gona. Ni ina dama, a samo na hagu."

Faɗar ta fi yin sauƙi. Hanya ta mutum ɗaya ce, duk wanda zai yi tafiya a gefen Auta sai dai ya shiga kwarin kunyar gonar wani. A wurinmu kuwa ba a shiga gonar mutum a wannan lokacin. Wake ya yaɗu a ƙarƙashin dawa ya fara fure, taku ɗaya na ganganci ya isa a yi ta shari'a a gaban mai unguwa, ga kuma zargin da ke bin duk wanda aka gani a cikin amfanin da ba nasa ba. Dole a nemi izinin kowane mai gona tun daga bayan gari har gindin ɗorawa. Kuma ba ka ce wa Bahaushe zan bi ta cikin wakenka kullum safiya ba tare da ka gaya masa dalili ba.

Aka kai wa Baba maganar. Ya ce, "Ni in bi gida-gida in ce ɗana tsoron dawa yake?"

Baba Saje ya ce, "Malam, 'ya'yansu nawa suka yi maka fitsari a zaure ka rufa musu asiri?"

Baba bai yi dariya ba. Na buɗe baki zan yi nawa, sai Inna, wadda ba ta saba saka baki idan maza na magana ba, ta ce daga bakin murhu, "Gara su ji a bakinka da su gan shi a motar Alhaji." Ta ci gaba da tuƙinta kamar ba ita ta yi magana ba.

Bayan la'asar Baba ya saka rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya fita. Na san abin da fitar nan ta ci masa. Mutum ne da tunda nake ban taɓa ganin ya je ƙofar wani neman alfarma ba, shi ake zuwa wa. Ya dawo dab da magariba, ya zauna, ya cire hula ya riƙe ta a hannu. Muka zuba masa ido.

Ya ce na farkon da ya je wa, mai gonar bakin hanya, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shi fa bai yarda kowa ya taka masa wake ba. Baba ya yunƙura zai tashi. Sai mutumin ya ce, "Ni zan bi da kaina, Malam. Ni na san inda na shuka." Kafin Baba ya kai gida na gaba labari ya riga shi, kuma kusan kowa abin da ya ce ke nan. Ni dai na san mutanen garinmu, rabi tausayi ne rabi kuma wake, amma ban ga laifin ko ɗaya ba. Har wata tsohuwa da ke noma gonar marigayin mijinta ta ce ita ma za ta bi nata. Mutum ɗaya ne ya ƙi, mai gona a daidai tsakiyar hanya, ya ce shi ba ya shiga kuma ba a shigar masa. Har yau muna gaisawa, amma a taƙaice.

Da safe Baba Saje ya tara su a bayan gari ya yi musu fareti, magidanta da furfurarsu. Kowa ya ɗan wuce Auta kaɗan, kada ya yi daidai da shi kuma kada ya ja baya. A saka tufa mai haske. A dinga magana da ƙarfi. Na hagu, tunda kunnen ba ya ji, ya dinga girgiza kara yana tafiya. Kuma kada wanda ya tsaya ko ya juya sai ya faɗa. Auta yana tsaye kansa a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi. Mai gonar bakin hanya ya dafa shi ya ce, "Kai dai taho, ni ma dama ina son in duba waken."

Ranar ba mu kai ba. Mun wuce gonaki kaɗan ya ce a koma, aka koma, babu wanda ya ce masa komai. Kashegari aka ɗan ƙara. Inda mai gona ya yi tafiya ko ya makara, ni ke shiga hagu da izininsa kafin in wuce makaranta. Wanda bai taɓa ratsa dawa da hijabi ba bai san wahala ba. Ganye ya yanke ni a fuska, ƙaiƙayi ya cika mini wuya, raɓa ta jiƙa ni har gwiwa, ina tafe ina ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin ruwa don kada in taka wa mutane fure. Ina tafe ina mita, Baba Saje ya ce in ci gaba, mitar ma magana ce.

Abin da ba na mantawa shi ne miƙawar. Idan mutum ya kawo iyakar gonarsa sai ya tsaya a bakin gamba ya ɗaga murya, "To ga shi nan, na kawo iyaka," na gaba ya amsa daga cikin dawarsa, "Na karɓa," sannan na farko ya ce wa Auta, "Zan juya, ka gan ni ko?" Sai Auta ya dube shi ya gyaɗa kai. A gonar wanda ya ƙi kuwa, Baba Saje sai ya fito kan hanya ya sha gaban Auta ya dinga tafiya da baya, suna fuskantar juna, yana zazzaga masa tsiya. "Taho da ƙarfenka, mu ne dai 'yan wahala. A bariki mu raka ku, a gida ma mu raka ku." Ranar da na ji Auta ya mayar masa da cewa ai ba don ƙarfen ba da tuni an daɗe da cin gumbarsa, sai na san wasan taubasan ya dawo.

A hankali aka kai gindin ɗorawa. Tsuntsaye sun yi ɓarna, amma akwai abin girba. Cikin gonarsa bai dame shi ba, don da ya kayar da layin farko na gero wuri ya buɗe. Ba zan ce ya warke ba. Akwai safiyar da zai fito ya kalli bakin lungun ya koma ɗaki, masu jira su watse ba ƙorafi, ko kuma da ƙorafin kaɗan. Akwai ranar da wani ya manta ya tsaya kama ruwa bai faɗa ba, aka koma kusan farko. Amma yawancin ranaku yana zuwa, yana yini, a rako shi gida.

Baffa bai san duk wannan ba, don Baba bai aika masa ba. Wata Asabar da hantsi sai ga mota a ƙofar gida, shi da direba. Baba ya ce masa yaron yana gona. Baffa ya dube ni, na san abin da yake tunani, wato ni na ɓoye shi a wani gida. Baba ya ce, "Je ka gani." Na ce ni zan kai shi.

Muka shiga lungun, Baffa da babbar riga da takalmi mai sheƙi, yana ta kare fuska da hannu. Muka tarar da Auta yana ɗaurin dami, ya cire riga, Baba Saje kuma yana kishingiɗe a inuwar ɗorawa yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Auta ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya amsa, ya kalli dammunan, ya kalli Auta, ya ce to madalla, amma tunda an riga an yi magana da mai maganin kuma ga mota ta zo, gara a je a ƙarasa abin gaba ɗaya. Na ji jinina ya hau. Baba Saje ya yi mini ido, ya ce ai sai a koma gida a yi maganar a gaban Malam.

Rana ta take, masu gonaki duk sun koma gida. Na nufi hagu zan shiga kamar yadda na saba, sai Baba Saje ya ce, "Malama ta gaji, ta wuce gaba a kan hanya. Alhaji, shiga nan." Baffa ya ce shi da wannan rigar? Baba Saje ya ce ai rigar ce ma ta dace, fara ce, za a gan ta. Ya gaya masa dokokin a gurguje. Baffa ya tattare riga ya shiga yana gunaguni, don bai iya yi wa sa'an yayansa musu ba.

Ina gaba kaɗan ina jin su. Baba Saje yana surutunsa a dama, kara yana motsi a hagu. Mun yi nisa, sai motsin hagu ya ɗauke. Ashe rigar ce ta sarƙe a jikin kara, Baffa ya sunkuya yana ɓalle ta, bai faɗa ba. Na waiwaya na ga Auta ya tsaya cak, idonsa a kan ganyen da ba kowa a bayansa.

"Baffa!" Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. "Baffa! Kana ina? Baffa!"

Sai na ji kara na karyewa. Baffa ya faso kan hanya ba hula, rigar ta yage daga kafaɗa, yana haki. Ya kama hannun Auta da hannu biyu.

"Ga ni, ɗana. Ga ni nan. Ban je ko'ina ba."

Auta ya daɗe yana kallonsa, daga fuska har ƙafa, kamar mai duba ko akwai rauni. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Idan za ka tsaya ka dinga faɗa." Baffa ya ce to. Ya koma cikin kwarin kunya, kuma har muka fito bayan gari yana girgiza kara yana magana, ban ma san me yake cewa ba.

A zaure ya zauna yana cire ƙarangiya daga abin da ya rage na rigar. Baba yana gefe yana jira a ɗauko maganar tafiya, ni ina bakin ƙofa na shirya tsaf. Baffa ya sha ruwa, ya leƙa waje ya ce wa direba ya ci abinci ya koma birni, zai neme shi. Ya dawo ya zauna, bai kalli kowa ba.

"Malam," ya ce, "ba ka da wani tsohon wando da zan saka gobe?"